Justice League: Origin, zane ya yi amma mugun bai cika min ido ba

Satin da ya wuce na leƙa wajen masu littattafan gwanjo a Samaru ina neman wani abu daban, sai idona ya faɗa kan wannan littafin zanen, duk ya sha ƙura. Mai shagon sai cewa yake "Malam wannan ɗan waje ne fa", muka yi ta ja-in-ja har dai ya sallama.

Ga wanda bai sani ba, a 2011 ne DC, kamfanin littattafan zane na Amurka, suka sake lale gaba ɗaya, littattafai 52 duk suka faro daga lamba ta ɗaya. Wannan Geoff Johns ne ya rubuta, Jim Lee ya zana, fitowa shida aka haɗa wuri guda. Ƙungiyar jaruman nan ta Justice League tun 1960 take, kuma a da mutane ne masu ganin girman juna, anan kuwa ba wanda ya yarda da wani, hukuma ma farautarsu take. Green Lantern na gane Batman mutum ne kawai cikin kayan jemage ba wani siddabaru sai ya hau raina shi, yana cikin cika baki Batman ya zare masa zoben da ke ba shi ƙarfi daga yatsa bai ko ji ba, wallahi sai da na ƙyalƙyale da dariya ni kaɗai a ɗaki ina haskawa da fitilar waya don an ɗauke wuta. Superman ma sun mai da shi ɗan zafin kai, duka kafin tambaya.

Amma wanda ya taɓa min zuciya Cyborg ne, shi aka sa cikin jarumai bakwai na farko a gurbin Martian Manhunter, wanda aka kafa ƙungiyar da shi a da. Victor Stone yaro ne gwanin ƙwallon Amurka, kowa na tafa masa, shi kuma idonsa na kan kujerar da aka ajiye wa babansa, babu kowa a kai, uban yana can ɗakin bincike. Uban nan dai shi ya haɗa jikinsa da inji don ceto ransa bayan wata fashewa ta rutsa da shi. Duk wanda mahaifinsa bai taɓa zuwa makaranta ganinsa ba zai ji wannan wurin.

Darkseid, mugun labarin, shi ne matsalata. An yi ta zuzuta zuwansa, da ya iso ko magana bai yi ta kirki ba, sai dambe. Ga zane mai cin shafi biyu a jere, kyau kam ba a magana, amma kafin shayina ya huce na cinye rabin littafin.

In ka samu na gwanjo ka saya, sai dai ka duba bayansa tukuna, nawa gam ya saki shafukan ƙarshe har sun fara zubowa. Yanzu yana hannun ƙanina a Tudun Wada, ya ce gobe zai dawo da shi, yau kwana huɗu.