Sashen kula da masu ciwon hanta a Sakkwato: abin da muka gani da muka kai kawu

Kawuna direba ne da ya daɗe yana jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Illela, kuma an jima da sanin cewa ciwon hanta nau'in B ya taurara masa hanta. Abin da ya kai mu wani asibiti a cikin gari a wannan karon bai yi kama da ciwo ba: ya fara rikicewa wajen ba da canji, yana gyangyaɗi da rana ya kwana ido biyu da dare, kuma yaron motarsa ya ce ya kan makara wajen taka birki. A gida mun ɗora abin a kan tsufa da zafin bazara, domin yana gane kowa, yana sallarsa a kan lokaci, hirarsa kuma ba ta sauya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai sallame mu da cewa kawu lafiya lau yake ba. Ya bayyana mana da Hausa cewa ƙwayoyin cuta da ke cikin hanji suna samar da sinadarin amoniya, wanda hanta mai lafiya ke sarrafawa ya fita ta fitsari, amma idan hanta ta taurara sai ya bi jini ya isa ƙwaƙwalwa, ya rage natsuwa da saurin yanke shawara tun kafin ruɗewar fili ta bayyana. Ya ƙara da cewa auna amoniya a jini kaɗai ba ya tabbatar da matsalar, don haka ake gwada tunanin mutum kai tsaye.

A nan ne na ga bambancin wannan wuri. Gwajin da aka saba yi na takarda da fensir ne, guda biyar, ciki har da haɗa lambobi daga 1 zuwa 25 da sauri, da wani da ake cakuɗa lambobi da haruffan boko. Kawu karatun allo ya yi, ajami yake rubutawa, saboda haka da an tilasta masa wannan gwaji da ya faɗi ko da ƙwaƙwalwarsa ƙalau take. Likitan ya ajiye takardar ya ce, "Baba, ka lissafo mini sunayen dabbobi, duk iya wanda ka tuna, cikin minti ɗaya." Mutumin da ya girma cikin raƙuma da jakuna da tumaki ya ambaci kaɗan, ya maimaita akuya sau biyu, sannan ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ban taɓa jin nauyin ciwonsa kamar a wannan daƙiƙa ba.

Maganin da aka fara ba shi shi ne laktulos, ruwa mai zaƙi da kauri da ke rage amoniya ta hanyar bayan gida, da sharaɗin a daidaita yawansa har ya riƙa yin bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a rana. An gargaɗe mu cewa idan ya koma zawo, musamman a watannin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, bushewar jiki kanta tana iya tayar da ruɗewar da ake gudu. An hana shi magungunan barci da tiramol, an ce ya ci gaba da shan tenofobir ɗinsa, maganin ciwon hanta nau'in B, an kuma rushe abin da muka daɗe muna yi na hana shi nama da ƙwai: mai wannan ciwo yana buƙatar abinci mai gina jiki, wake da nono da kifi, har da ɗan abin taɓawa kafin kwanciya.

Inda na ga gazawa shi ne bayan an fito daga ɗakin likita. Mun yi jira tun hantsi har bayan azahar, kuma a wurin karɓar magani an miƙo mana kwalba ba tare da ko kalma ɗaya ba, alhali nasarar laktulos ta rataya ne a kan sanin yadda ake ƙara shi da rage shi. Babu wata takarda da Hausa ko ajami da iyali za su riƙe, kuma wannan gyara ne da ba ya cin kuɗi mai yawa. Rifaksimin, maganin kashe ƙwayoyin cuta na hanji wanda aka ce za a iya ƙarawa idan abin ya tsananta, ba su da shi a ranar, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin direban haya.

Batun tuƙi ne ya fi ɗaci, kuma likitan bai ɓoye ba, ya ce a dakata har a sake gwaji. Kawu ya ji zafin maganar, amma ya amince. Yanzu babban ɗansa ne ke riƙe da sitiyari, barcin kawu na dare ya fara dawowa, kuma za mu koma a sake lissafin dabbobin a ƙarshen wata.