iPad, Samsung ko Surface: wanne ya dace da mai zanen littattafan yara?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kina zana hotunan littattafan yara da bangon littafi da fensir da fenti a takarda, sannan ki ɗauka da waya ki gyara a tsohuwar laftof ɗinki kafin ki kai maɗaba'a. Yanzu kin tara kuɗi, kina son na'urar da za ki riƙa zane a fuskarta kai tsaye, wadda za ki jefa a jaka ki fita da ita. An nuna miki iPad, an nuna miki Galaxy Tab na Samsung, an kuma nuna miki Surface Pro na Microsoft, kowane mai shago yana yabon nasa.

Ga ra'ayina tun kafin bayani: idan kuɗinki ya kai iPad Air tare da alƙalamin da ya dace da shi, ki ɗauke shi. Idan bai kai ba, ki koma Samsung da zuciya ɗaya, kada ki sayi ƙaramin iPad, wato mai arahar nan da ake kira iPad kawai, don suna. Surface kuwa sai in laftof ɗin nan taki ta kusa mutuwa. Dalilan su ne masu muhimmanci, don wataƙila in kin ji su ki ga naki halin ya bambanta.

Mu fara da alƙalami, tunda shi ne zai kwana a hannunki. Masu talla za su cika miki kunne da cewa wannan yana gane nauyin hannu mataki 4096, wancan 8192. Kada wannan ya ɗauke miki hankali. Apple ma bai taɓa faɗin adadin nasa ba, kuma ga ƙwararru nan suna cin abinci da shi. Abin da hannu yake ji daban ne. Na farko, in kin ɗan shafi gilashin da kan alƙalamin kamar yadda kike fara zayyana da fensir, layi yana fitowa ko sai kin danna? Na biyu, in kin ja layi a karkace a hankali, yana tafiya sumul ko yana rawa? Na uku, akwai tazara tsakanin tsinin alƙalamin da inda layin yake fitowa?

A waɗannan uku, S Pen na Samsung ya fi ƙarfin kuɗinsa nesa ba kusa ba. Fasahar kamfanin Wacom na Japan ce a cikinsa, kamfanin da ya daɗe yana yi wa masu zane alluna tun shekarun 1980. Alƙalamin yana samun wutarsa daga fuskar na'urar, don haka ba ya buƙatar caji kafin ya yi zane, ko da wata shida ya yi a aljihun jaka. Yana amsa taɓawa mai sauƙi ƙwarai, kuma a cikin kwali yake zuwa, ba sai kin saya daban ba. Aibinsa shi ne siriri ne marar nauyi, wasu hannunsu na gajiya da shi, kansa kuma mai taushi ne, yana cinyewa. Amma tunda fasahar ta Wacom ce, akwai alƙaluman wasu kamfanoni irin su Staedtler da Lamy da ke aiki a kansa. Ki dai guji rigar na'ura mai maganaɗisu da yawa, tana iya karkatar da layi a wasu wurare.

Apple Pencil ya fi nauyi, ya fi kama da fensir na gaske a riƙo, layinsa ba ya rawa, kuma in kin kwantar da shi yana yin inuwa mai kyau. Kansa roba ce mai tauri, yana ƙwanƙwasa gilashi yana ɗan zamewa, shi ya sa da yawa ke manna wata leda mai kaushin takarda a fuskar. Sai dai a nan ne tarkon yake, kuma ina so ki karanta wannan sau biyu. Apple Pencil iri huɗu ne. Akwai na farko na 2015, akwai na biyu na 2018 mai mannewa a gefe ya yi caji, akwai mai USB-C na 2023, sai Pencil Pro na 2024. Wannan mai USB-C ɗin, wanda ya fi araha, dala 79, ba ya gane nauyin hannu sam. Ki danna ko ki shafa, kaurin layin ɗaya ne. Na rubutun ɗalibai ne, ba na mai fenti ba. Haka yawancin farare masu kama da shi da ake sayarwa a kasuwa da ɗan kuɗi. Kuma ba kowane alƙalami ke shiga kowane iPad ba: a cikin masu gane nauyin hannu, iPad Air na 2020 da na 2022 Pencil na biyu suke karɓa, daga na 2024 zuwa sama sai Pencil Pro, wanda ya fito a dala 129. Ki lissafa kuɗin alƙalamin tun farko a cikin kuɗin na'urar.

Na Surface shi ne na uku a wajena. Slim Pen 2 ya gyaru sosai a kan na baya, amma masu zane sun daɗe suna kuka da rawar layi in ana jan sa a hankali a karkace, kuma yana son a ɗan danna kafin ya amsa. Manhajoji suna da abin daidaita layi da ke rufe wannan aibi, to amma mai zanen fuskokin yara da siraran layuka za ta ji bambancin. Shi ma daban ake sayensa, haka kibod ɗin. Idan kuma tsohon Surface Pen ne aka haɗa miki, batirin AAAA yake ci, ɗan siririn nan da ba kowane kanti ake samu ba.

Sai manhaja, kuma ita ce ta sa na fifita iPad duk da yabon da na yi wa alƙalamin Samsung. Procreate, wadda wani ƙaramin kamfani a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya ya fitar a 2011, a iPad kaɗai take. Sau ɗaya ake biya, kusan dala 13, shi ke nan, babu kuɗin wata. Ga wanda ya san wahalar biyan dala da katin banki na naira, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. An gina ta ne don yatsa da alƙalami tun daga tushe: ki taɓa da yatsa biyu ta goge kuskure, ki murza da yatsu takardar ta juya. Wadda ta taso da takarda da fenti kamar ke za ta saba da ita da wuri, kuma darussanta kyauta sun cika YouTube. Tana naɗe bidiyon yadda zanen ya taso daga farko har ƙarshe da kanta, abin da zai yi miki amfani wajen nuna aikinki ga masu neman mai zane.

A Samsung babu Procreate, amma ba a rasa abin yi ba. Akwai Clip Studio Paint ta Japan, wadda a aikin zanen barkwanci da labari mai shafuka da yawa ta ma fi Procreate kayan aiki, sai dai a irin waɗannan na'urori kuɗin wata ko na shekara ake biya. Akwai Krita, kyauta ce gaba ɗaya, mai ƙarfi, amma an tsara ta ne don babbar kwamfuta, maɓallanta kan yi cunkoso a fuska mai inci 11. Akwai Infinite Painter da ibisPaint da Sketchbook, kuma mutane na fitar da aiki mai kyau da su. Za ki yi zane, za ki sayar. Abin da za ki rasa shi ne santsin nan na manhaja ɗaya da kowa ya sani, wadda duk tambayar da kika yi a kanta akwai mai amsa miki.

Surface a nan ne yake da bakin magana, domin cikakkiyar kwamfuta ce mai Windows. Photoshop na gaske, Illustrator, Krita, Clip Studio da za ki saya sau ɗaya, da kuma CorelDRAW, wadda kin san ita ce yaren masu maɗaba'a a garuruwanmu, duk suna hawa kansa. Cikakken CorelDRAW ba ya hawa iPad, ba ya hawa Samsung. Da ba ki da laftof, da wannan kaɗai ya isa ya juya maganar. Amma kina da ita, kuma jera shafi da saka rubutu ba sa buƙatar sabuwar na'ura. Ki zana a inda zane ya fi daɗi, ki fitar da shi a fayil ɗin hoto na PNG ko PSD ko TIFF, ki jera a laftof. Idan kuma kin nace sai Surface, ki tambayi wane inji (processor) ke cikinsa: na 2024 da yawa Snapdragon ne, ba Intel ba, kuma ba kowace tsohuwar manhaja ko na'urar buga takarda ke jituwa da shi ba.

Akwai abin da ya shafi aikinki musamman. Shafin A4 da za a buga da kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Kowace leya da kika ƙara, wato shimfiɗar da kike ware layi daban, kala daban, bango daban, tana cin RAM, wato ma'ajiyar da na'ura ke riƙe aikin da take kai. Procreate tana ƙayyade yawan leya gwargwadon RAM ɗin na'urar da girman takardar. iPad na tara na 2021 giga 3 gare shi, Air na 2020 giga 4, Air na 2022 mai injin M1 giga 8. Shi ya sa nake cewa in na hannu za ki saya, Air na 2022 shi ne wurin tsayawa, ko da yake ƙaraminsa giga 64 kawai yake da shi na ajiya, kuma iPad ba ya karɓar memori. Samsung yana karɓa. Galaxy Tab S9 FE yana farawa da RAM giga 6, S9 kuwa giga 8. S6 Lite da ake yawan tallatawa giga 4 ne, ya isa koyo, amma zai yi nishi a babban shafi.

Ƙaramin iPad ɗin da na hana ki yana da wata matsalar bayan RAM: akwai iska tsakanin gilashinsa da ainihin fuskar, sai ki ga layi yana fitowa ɗan ƙasa da tsinin alƙalamin, kamar mai rubutu a kan taga takardar tana bayanta. A Air da Pro an manne su. Batun saurin fuska kuwa, iPad Pro da Tab S9 da yawancin Surface Pro daga na 8 zuwa sama suna sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, Air sau 60, S9 FE sau 90. Ana jin bambancin, amma bai kai a ƙara kuɗi mai yawa dominsa ba. Abin da ya fi shi shi ne kala. Fuskar AMOLED ta S9 tana ƙawata launi fiye da yadda tawada za ta iya, don haka ki mayar da ita yanayin launi na asali, kuma kowacce kika saya ki buga shafi ɗaya na gwaji kafin ki zana littafi guda.

Wuta da zafi da ƙura ba sa cikin tallar kowa, amma su ne rayuwarmu. iPad da Samsung suna kai mutum yawancin yini, kuma fawa bank mai kyau yana cika su ta USB-C. Surface mai Intel ya fi su shan batir da ɗaukar zafi in ana fenti mai nauyi, kuma yana son caja mai ƙarfi. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPad a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri suna haura 40, don haka kada ki yi zane yana kan caji da tsakar rana, zai rage haskensa da kansa. A nan Samsung ya yi zarra: Tab S9 da S9 FE na 2023 an toshe su daga ƙura da ruwa a matakin IP68, abin da iPad da Surface ba su da shi. Mai zama inda hunturu ke cika ɗaki da ƙura ta san darajar wannan.

Kuɗin naira yana canzawa kullum, amma farashin da suka fito da shi zai nuna miki tazarar. S9 FE ya fito a dala 449 da alƙalaminsa a ciki. iPad Air na 2024 dala 599 ne, ki ɗora 129 na alƙalami da 13 na manhaja. Wannan ratar tana iya zama kuɗin fawa bank da riga da data na watanni.

Ranar saye, ko a Farm Centre ta Kano ne ko Banex a Abuja, kada ki karɓi kwali a rufe ki tafi in na hannu ne. Idan iPad ne, a goge shi tas a gabanki, ki shigar da naki asusun iCloud kafin kuɗi ya bar hannunki, domin wanda ke ɗaure da asusun wani ba shi da amfani gare ki. Ki haɗa alƙalamin ki ga sunansa ya fito a saituna. Sannan ki buɗe farar takarda ki ja layi daga shafa zuwa danni ki ga ko yana kauri, ki ɗora rula ki ja a karkace a hankali, ki bi kusurwoyi huɗu ki ga ko akwai inda layin ke yankewa, ki kwantar da tafin hannunki a gilashin kamar yadda kike yi a takarda ki ga ko yana barin tabo. Idan Surface ne, ki duba shi ta gefe: fuskar da ta ɗan ɗago daga jikinta alamar batir ya kumbura ce, ki ajiye musu kayansu.