Sharhi kan MPICH: karatu da rubutu a ƙwaƙwalwar wani ma'aikaci daga nesa

MPICH manhaja ce da ke aiwatar da MPI, wato ƙa'idar da ma'aikata (shirye-shiryen kwamfuta da ke gudana tare kan aiki ɗaya) ke bi wajen musayar saƙonni. Cibiyar bincike ta Argonne ta Amurka ke kula da ita, kyauta ce, kuma a kanta aka gina Intel MPI da MVAPICH. Wannan sharhi ya taƙaita ne kan ɓangaren da ke bai wa ma'aikaci ɗaya damar zuba bayanai ko ɗebo su a ƙwaƙwalwar wani ba tare da wancan ya kira MPI_Recv, wato kiran karɓar saƙo, ba. Tsarin ya fara bayyana ne a bugun ƙa'idar na MPI-2 a 1997, amma sai a MPI-3 ta 2012 ya zama abin da za a dogara da shi.

Aikin yana farawa da buɗe taga, wato yankin ƙwaƙwalwa da ma'aikaci ya bari wasu su taɓa. Gara a yi amfani da MPI_Win_allocate a kan MPI_Win_create, domin idan MPICH ce ta ware wurin da kanta, tana iya sa ma'aikatan da ke na'ura ɗaya su raba ƙwaƙwalwa kai tsaye. A kula da disp_unit, wato girman ma'aunin (a baiti) da ake ƙirga matsayi da shi a cikin taga: idan tagar ta lambobin double ce, masu baiti 8 kowace, a sa 8. Wanda ya sa 1 sannan ya ƙirga matsayi da adadin lambobi, rubutunsa zai faɗa tsakiyar wata lamba, kuma ba lallai wani gargaɗi ya fito ba.

Daga nan sai MPI_Win_lock_all, a yi MPI_Put (zubawa) ko MPI_Get (ɗebowa), a rufe da MPI_Win_unlock_all. A nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Dawowar MPI_Get ba ta nufin bayanan sun iso. Sai an kira wani kiran kammalawa kamar MPI_Win_flush kafin a taɓa su. Ita kuwa MPI_Win_flush_local bayan MPI_Put, abin da take tabbatarwa kawai shi ne za ka iya sake amfani da naka wurin, ba wai saƙon ya sauka can ba. Haka nan ma'aikata biyu su yi MPI_Put a wuri guda a zango ɗaya (tsakanin lock_all da unlock_all), ƙa'ida ba ta yi alkawarin komai ba. Maganinsa MPI_Accumulate tare da MPI_REPLACE, ko MPI_Fetch_and_op idan ƙidaya ake yi.

Ta fuskar bin ƙa'ida, MPICH ba ta da abin zargi. Inda take da rauni shi ne gudu a kan Ethernet na gama-gari. InfiniBand, hanyar sadarwa mai sauri ta manyan kwamfutoci, na da katin da ke rubutawa a ƙwaƙwalwar nesa da kansa. TCP da ake bi a kan Ethernet ba shi da wannan, don haka buƙatarka kan zauna jiran ma'aikacin can ya gama lissafinsa ya sake shiga wani kiran MPI. Shirin ba ya mutuwa, yana dai tafiyar hawainiya. Sanya MPIR_CVAR_ASYNC_PROGRESS=1 yana tayar da zare (thread) na musamman da ke kula da saƙonni, sai dai kowane ma'aikaci zai samu nasa zaren, kuma idan ba a bar musu gurbi a furosesa ba, lissafin ne zai ji a jikinsa.

A InfiniBand ma akwai tarko: idan iyakar ulimit -l, wato yawan ƙwaƙwalwar da aka yarda shiri ya kulle, ta yi ƙasa, rajistar ƙwaƙwalwa kan gaza. A mai da ita unlimited a kowace na'ura.

Ga shirin da kowa ya san maƙwabcinsa da lokacin aika saƙo, MPI_Isend da MPI_Irecv, kiraye-kirayen aikawa da karɓa na yau da kullum, sun wadatar, sun kuma fi sauƙin gano kuskure. Tagar MPICH tana biyan wahalarta ne a rabon aiki da ke canzawa ana cikin gudu, ko babban jadawali da aka watsa a na'urori masu yawa.