Na samo wa auta Zobi da Kami a Taminus

Asabar ɗin da ta wuce na shiga kasuwar Taminus ta Jos sayen takalmin makaranta, sai na biya ta wani ɗan shagon masu tura fina-finai a waya, can wajen titin Ahmadu Bello. Abu ɗaya ya kai ni: Sesame Square, shirin 'yan tsanan nan da NTA ta fara nunawa a 2011. Lokacin ina 'yar sakandare a gidanmu na Anguwan Rogo, ni ke riƙe ƙannena in Inna ta fita unguwa, kuma da zarar Zobi ya leƙo a talabijin sai ɗakin ya yi tsit, ko tari ba ka ji.

Yaron shagon bai ma taɓa jin sunan ba. Ya ce, "Anti, katun ne? Akwai sababbi fa masu zafi." Na ce, "A'a ƙanena, daure dai ka duba mini." Ya jawo mini benci, ya duƙufa a kan kwamfuta kusan minti 20, bai ƙosa ba, bai ɓata rai ba, ga masu jiran waƙoƙi sun tsaya masa a ka. Wannan kam na yaba masa. Ya zuba mini kashi 14 a memori, na ba shi naira 1,500.

Asalin shirin na Amurka ne, Sesame Street, wanda ya fara tun 1969. Da aka zo yin namu sai aka mai da titin dandali, aka kafa bishiyar mangwaro a tsakiya, hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ta ba da kuɗin. Zobi shuɗi ne, gashi buzu-buzu, direban tasi, mayen doya na bugawa a jarida. Kami kuwa 'yar shekara biyar ce, launinta ruwan ɗorawa, ta fara fitowa ne a shirin Afirka ta Kudu a 2002. Marainiya ce, kuma tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau.

'Yata auta shekararta huɗu, ta saba da bidiyon waya mai gudu kamar ana korar sa. Da na kunna mata, ba a yi minti biyu ba ta miƙo yatsa za ta ture. Na riƙe hannun. Can sai na ga ta saki jiki, baki buɗe. Ni ma sai yanzu da girma na lura da abin da ke kama yaro: bakin Zobi hannun mutum ne kawai ke buɗe shi yana rufewa, amma in ya karkata kai ya yi shiru, wallahi sai ka rantse sauraron ka yake. Kuma ba sa gaggawa. A faɗi harafi, a maimaita, a dakata yaro ya faɗa da bakinsa. Washegari da hantsi na same ta a tsakar gida, ta zura safar babanta a hannu, ta jera dankalin turawa a faranti, safar tana ƙirgawa da wata murya ƙasa-ƙasa. Ta kai bakwai ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na tsaya bakin madafa ina kallo har miyata ta kusa kamawa.

Kami ce dai ta fi taɓa ni. A shekarun da muke kallon ta akwai wata baiwar Allah a layinmu da ake ware wa kofi, yara ba sa shiga ɗakinta. Ƙanena da bai wuce shekara shida ba ya tambayi Inna, ai Kami ma tana da ciwon, me ya sa ita kowa ke wasa da ita? Inna ba ta ce komai ba, amma da yamma shi ta aika ya kai wa matar tuwo, ta ce ya zauna ya gaishe ta da kyau. Ban taɓa mantawa ba. Ga kuma zancen kwana cikin gidan sauro da shirin ke yi, wanda har gobe muna bukata.

Inda shagon ya gaza: huɗu daga cikin 14 ɗin na Amurka ne, ba Zobi ba Kami, biyu kuma murya na riga hoto. Na koma ranar Litinin, ya ba ni haƙuri, ya sauya biyun ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Duk mai zuwa, ya sa a buɗe masa kowane kashi a gabansa kafin ya biya.

Babban abin da na so ban samu ba shi ne na Hausa, Dandalin Sesame. Wanda na samo duk Turanci ne, Inna kuwa takan zauna gefen jikarta ta yi ta tambaya, "Me shuɗin nan ya ce?" Na bar wa yaron lambata, ya yi alkawarin zai tambayi abokan sana'arsa na Kano, in ya samu ya kira ni.