Gunne Sax ko Laura Ashley don bikin kammala sakandare?

Wa alaikumus salam, Yaya. Kin tambaya wace tsohuwar riga za ki saya wa yarinyar, ta kamfanin Gunne Sax na Amurka ko ta kamfanin Laura Ashley na Birtaniya. Tunda bikin kammala sakandare ne a nan Amurka, ki saya mata Gunne Sax kawai ki huta.

Ina da ɗaya ta shekarun 1970, ruwan madara, da na samu a shagon gwanjo. Doguwa ce har idon sawu, hannunta ya kumbura a kafaɗa ya matse a wuyan hannu, wuyanta ya hau sama da leshi, gabanta kuma ana zarge shi da igiya kamar takalmi. Ƙanwata ce ta sa ta ranar nata bikin, ta yafa farin gyale, shi ke nan. Ba mu sha wahalar neman rigar ciki mai dogon hannu ba, abin da ke ba mu ciwon kai da rigunan bikin yanzu. Wata dattijuwa Baturiya ta tsayar da mu a ƙofar zauren, tana shafa leshin tana cewa irinta ta sa a zamaninta.

Ai dama don 'yanmata aka yi su. A San Francisco aka kafa kamfanin a 1967, mai zanen tufafi Jessica McClintock ta shigo a 1969, ta ɗauko salon daga tufafin matan karkarar Amurka na ƙarni na 19 da na zamanin Sarauniya Victoria.

Laura Ashley ta da, ɗinkin Wales, audugarta na da ƙarko, ba zan hana mata wannan ba, amma a idona rigar zaman gida ce mai furanni.

Ki yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wasu sunan Gunne Sax suke sawa a talla alhali kwaikwayo ce, wasu ma har tambarin suke ɗinkawa a wata rigar daban. Ki ce a turo miki hoton tambarin daga kusa, da na hammata saboda tabon gumi, da na zif. Wanda ya fara kame-kame, ki bar masa kayansa.

Kada kuma ki dogara da lamba. Lambobin 'yanmata ne, 7, 9, 11, kuma na wancan zamanin sun fi na yanzu matsewa, musamman a ƙirji da ƙugu. Ki auna yarinyar da tef, ki nemi awon rigar da inci kafin ki tura ko sisi.