Rahoton bashi na kyauta: ina yake da amfani, ina ya gaza?

Saƙon yakan shigo ta WhatsApp ko ta tes: wai ana bin ka naira dubu 48, in ba ka biya kafin la'asar ba za a rufe BVN ɗinka, a tura hotonka ga duk wanda ke cikin wayarka. A ƙasa ga lambar asusu da sunan wani mutum. Ɗan kasuwa a Babbar Kasuwar Sakkwato, ma'aikacin jiha, ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kowa na samun irinsa, kuma da dama sukan biya ba don sun ci bashin ba, sai don gudun tonon silili. Tsoro na daji, kunya na gida, in ji Hausawa. Masu wannan sana'a da kunyar suke cin abinci.

Akwai hidimar da ya kamata a nema kafin a tura ko sisi, wato rahoton bashi. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin tattara tarihin bashin jama'a: CRC Credit Bureau, FirstCentral Credit Bureau da CreditRegistry. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ana nema ne a shafin kamfanin na intanet, da BVN, cikakken suna kamar yadda yake a banki, lambar waya da imel. A kula da abu biyu. Na farko, makin bashi da suke tallatawa, wato lambar da ke auna yadda kake biyan bashi, daban yake da rahoton, kuma na kuɗi ne. Mai binciken bashin ƙarya ba ya buƙatarsa. Na biyu, ka rubuta adireshin shafin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da mai barazanar ya turo, kuma kada ka miƙa wa mai shagon intanet lambar sirrin da ta shigo wayarka.

Amfaninsa a fili yake. Rahoton na nuna wanda ya ba da rancen, ranar da aka buɗe shi, adadinsa, abin da ya saura, da ko an makara wajen biya. Yana kuma nuna waɗanda suka bincika sunanka. A ganinmu wannan sashen ne aka fi tsallakewa alhali ya fi tona asiri: in ka ga kamfanin da ba ka taɓa hulɗa da shi ba ya duba ka, wani na yawo da bayananka. Duk wanda ya taɓa ba wa ejan BVN ɗinsa lokacin rancen korona na bankin NIRSAL a 2020, ko manomin shinkafa a Wurno da Goronyo da aka rubuta sunansa a shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ya duba nasa. Waɗannan rance ne, ba kyautar gwamnati ba, kuma kan mai BVN ɗin suke hawa ko da wani ya ci kuɗin.

Sai inda ya gaza. Da Turanci yake zuwa, Turancin ma na banki, don haka mutane da yawa sai sun nemi mai karanta musu, sirri kuwa ya fita. Bayanan kamfanonin uku ba lallai su zo ɗaya ba, saboda wani mai ba da rancen guda kawai yake kai wa rahoto. Wanda ya duba ɗaya ya tsaya bai gama aiki ba. Babbar gazawar ita ce manhajojin bashi marasa rajista ba su cika kai bayani ko'ina ba. Rashin ganin bashi a rahoto bai wanke ka ɗari bisa ɗari ba, amma ya mayar da nauyin kawo hujja kan mai da'awa. Ka nemi ya turo a rubuce sunan kamfaninsa mai rajista, yarjejeniyar da ka amince da ita, ranar da aka tura kuɗin da asusun da suka shiga. Kai kuma ka karɓo takardar shige da ficen kuɗi ta wannan watan a bankinka. In kuɗin ba su shigo ba, magana ta ƙare. Ɗan damfara a nan yake komawa zagi.

In kuwa bashin da ba naka ba ya bayyana a rahoton, ko wanda ka biya yana nan a buɗe, sai a shiga ƙalubalanta. Kamfanin rahoton ba ya goge komai da ra'ayin kansa, sai ya tuntuɓi wanda ya kawo bayanin. Shi ya sa ake rubuta takarda biyu rana ɗaya, ɗaya ga kamfanin, ɗaya ga bankin. A haɗa da kwafin rahoton da aka ja wa layi a wurin kuskuren, risitin biya, takardar asusu da katin shaida. Wadda aka kai reshen banki a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka, a karɓi lambar ƙorafi. Ƙorafin baki a gaban kanta iska ne. Doka ta ba su kwana 10 na aiki su bincika su ba da amsa; in sun wuce, sai sashen kare haƙƙin abokan ciniki na CBN, daga nan kotu. Wani lokaci abin da ke jawo wannan matsala ba ma damfara ba ce: ɗan ragowar kuɗin ruwa ne ko caji da ya maƙale bayan mutum ya ɗauka ya gama biya, yana ta haihuwa. Don haka duk rancen da ka kammala, ka nemi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai.

Barazana da cin mutunci kuwa ba aikin rahoton bashi ba ne. Wannan na hukumar kare haƙƙin masu saye ce, FCCPC, wadda ta kai samame ofisoshin wasu manhajojin bashi a Legas a watan Maris na 2022, kuma tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su a shafinta. Tura saƙo ga mutanen da ke wayarka ya saɓa wa dokar kare bayanan jama'a ta 2023, hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, ke karɓar wannan ƙorafin. Tun a 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan. A ɗauki hoton kowane saƙo da lambar da ta turo shi kafin a toshe ta. Mai kiran waya ba shi da ikon rufe BVN. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan bashi zalla, sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wani. Sa lambarka da aboki ya yi a manhaja bai mai da kai wanda ya tsaya masa ba, sai in ka sa hannu.

Akwai salon da ya fi kama mutanenmu, rahoton kuma ba ya maganinsa: a kira bayan sadakar uku ko ta bakwai a ce ana bin mamaci. Babu ɗan da ke son mahaifinsa ya kwanta da bashi, sun san haka. Amma bashin mamaci daga dukiyar da ya bari ake fitar da shi kafin rabon gado, ba daga aljihun magada ba, kuma sai da takarda ko shaidu. A ce wa mai kiran ya zo da hujjarsa gaban masu rabon gadon ko kotun shari'a, a sa masa rana.