Tsohon zarto mai tsatsa ko sabo mai mariƙin roba?

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin tsohon zarton da ka tsinta a kayan marigayi Baba da sabon na kanti, ni dai tsohon zan ce ka gyara.

Nawa Spear & Jackson ne, ƙirar Sheffield ta Ingila. Maigidana da ya koya mini kafinta ne ya ba ni shi ranar da ya yaye ni, Allah Ya jiƙansa. Lokacin duk ya yi ja da tsatsa, gara ta ɗan taɓa mariƙin. Na kwance shi, na wanke, na wasa, kuma har yau da shi nake tsaga maɗaci. Ƙarfensa ya fi kauri ta wajen haƙora, ya sirance ta wajen baya, shi ya sa ba ya maƙalewa a cikin katako ko da ɗanye ne. Mariƙin kuma ya zauna a hannu daram, sai ka wuni kana yanka ba kanta.

Sabon mai mariƙin roba, to, yana ci a farkonsa, musamman a filawud. Amma an ƙona bakin haƙoransa don su yi tauri, shi ne baƙin da kake gani a tsininsu, magagari ba ya kama su. Ranar da ya dakushe ya zama na 'yan jari-bola.

Kafin ka taɓa naka, duba babban notin tagullar da ke jikin mariƙin, nan ne tambarin kamfani yake. In ka ga Disston da hoton ma'auni, na Amurka ne, Henry Disston ya kafa kamfanin a Philadelphia a 1840, kuma zartunansu na kafin 1955, shekarar da aka sayar da kamfanin, su masu sana'a suka fi nema. In "Warranted Superior" ka gani, wannan ba sunan kamfani ba ne, kamfanoni da yawa sun sa shi a zartunansu masu rahusa, kodayake wasunsu suna da kyau. Akwai kuma rubutu siriri a tsakiyar ƙarfen, a ƙarƙashin tsatsar. Don Allah kada ka kai shi wajen mai giranda, zai share rubutun, zafin kuma ya kashe ƙarfen. Kwance mariƙin, zuba kananzir, naɗe samfefa mai laushi a guntun katako, ka riƙa gogawa bisa tsawon zarton a hankali. In bai riga ya goge ba, rubutun zai fito da kansa.

Sannan ka ɗaga shi ka hango daga mariƙi zuwa baki. Ɗan lanƙwasa yana gyaruwa, amma in ya karye kwana ko tsatsa ta yi ramuka a kan layin haƙora, ka rataye shi don tunawa da Baba kawai. In lafiya yake, ƙirga haƙoran: 5 ko 6 a inci na tsagawa ne, 8 zuwa 10 na yankan gicciye. Kai wa tsohon kafinta ya daidaita tsayinsu, ya wasa da magagari mai kusurwa uku, ya buɗa su dama da hagu. Tsaya kusa ka kalla, nan gaba da kanka za ka yi.

Wani abu kuma, ko da za ka ƙaro wani a wajen 'yan gwanjo: akwai masu cire notin tambari daga mataccen zarto su ɗaura a na banza su ninka kuɗi, wasu kuma su shafe ramukan tsatsa da baƙin mai ko fenti. Ka tabbata sunan da ke noti ya zo ɗaya da na jikin ƙarfe, in mai kaya ya hana ka gogewa ka gani, bar masa abinsa.

Gyara zarton Baba. Kuɗin sabon ka sayi magagari mai kyau da su.